Shekarar da Na Sauko Daga Kan Katanga

Tun da watan ƙarshe na shekarar Bature ya kama, samarin da ke majalisa a ƙofar gidana, nan Ƙofar Doka, ba su da wata hira sai ta darussa. Kowa ya duƙa kan waya yana karanto wa 'yan'uwansa abin da wani ya ce ya koya bana a kan aiki, da kuɗi, da lafiyar jiki. Wani ya ce a riƙa shan ruwa da yawa. Wani ya ce a riƙa tashi da wuri. Ina kan tabarmata ina ji, ina mamakin yadda aka yi sai mutum ya sayi data kafin ya san wannan.

Nura, ɗan maƙwabcina, ya juyo ya ce, "Baba Tanimu, kai me ka koya a bana?"

Kafin in buɗe baki wani daga cikinsu ya riga ni. Ya ce, "Ai su Baba sun ji daɗin sana'a. Ginin ƙasa ne fa, a kwaɓa laka a liƙa. Mu ma mun yi da muna yara."

Na ce, "Haka ne. Ni ma da ina yaro na sha yi wa akuyarmu allura da tsinke, har yau ba wanda ya kira ni likita."

To, tunda an tambaya ga amsa. Sai dai abin da na koya bana ba ya fahimtuwa sai an faro shi daga baya. Mai sauri ya tashi tun yanzu, ba zan ji haushi ba.

Aikin farko da aka kai ni katangar wani gida ce a bayan kasuwa. Ko gashin baki ban fara ba. Mahaifina ne ya damƙa ni ga ƙanin mahaifiyata, Kawu Barau, wanda a lokacin in ana zancen magina a cikin birni sai an ambace shi. Na je da zaton za a ɗora ni kan bango. Kawu ya nuna mini tulin jar ƙasa da aka haƙo daga kududdufi, ya ce in tuɓe takalmi. A zuba ruwa, a watsa busasshiyar ciyawa, ka shiga da ƙafa ka yi ta takawa har ƙasa da ciyawa su zama abu guda. A bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a dawo a sake takawa. Ƙaya tana ciki, fasasshiyar kwalba tana ciki, wata rana har da kunama. Rani guda na yi ina wannan. Da na gaji na tambaye shi yaushe zan fara koyon gini, ya ce, "Ai ka fara. Wanda bai san ƙasa da tafin ƙafa ba, ba zai san ta da tafin hannu ba."

Daga nan aka mai da ni curin tubali. Ba irin bulon nan mai kusurwa ba. Tubali da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai a tsuke, a jera a rana ya bushe. Sannan aka koya mini jifa. Magini yana zaune a kan bango, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, kai kana ƙasa kana wurga masa tubali da curin laka. In ka yi gajeren jifa ya dawo kanka. In ka yi dogo ya faɗa gidan maƙwabta, a fito ana tambayar wanda ya fasa tukunya. Kawu ba ya duban mai jifa. Hannu kawai yake miƙawa, kuma yana sa ran ya tarar da tubali a ciki.

Bangon farko da ya bar ni na yi ni kaɗai na makewayi ne. Na gama, na shafe shi ya yi sumul, na tsaya gefe ina jiran yabo. Ya zo ya zagaya shi, ya sa kafaɗa ya ɗan jingina. Bango ya tafi gaba ɗaya. Ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Ka ɗora sabon layi tun na ƙasa bai sha iska ba. Gobe ka sake." Ya wuce masallaci. Ku da kuke cewa kuna son ku iya sana'a kafin sabuwar shekara ta yi nisa, ku sani ginin ƙasa kan yi layi ya tsaya ya bushe, sannan a ɗora wani. Wanda ya ƙi jira zai yi aikin sau biyu, ladan ɗaya.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Diga da fartanya na haƙa, kwanon sarki na ɗauko, gatari na sassaƙa azara, igiya, tsani. Sauran duk hannu ne. Azara ita ce gungumen giginya da aka tsaga, da ita ake rufi, domin gara ba ta cin ta. Amma ba kowace azara ba. Kawu yakan ƙwanƙwasa ta da bayan gatari ya kasa kunne. In ta yi ƙara mai kauri ya saya, in ta yi kukan ganga ya bar wa mai ita ya yi girki. Sai makuba, da ake haɗawa daga ɓawon ɗorawa a yi yaɓen waje don ruwa ya zame. Warinta kan bi mutum har gida. Maiɗakina, Asabe, ta ce da a farkon zancen aurenmu ta san warin makuba haka yake, da ta ƙara tunani.

Zauren Alhaji Mamman mai goro shi ne inda na fara sa hannu a ɗaurin guga, wato rufin nan da ke tasowa daga bango ya lanƙwasa ya haɗu a tsakiya ba tare da ginshiƙi ba. Ana dasa azara a bango ta leƙo ciki, a ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa, a lulluɓe da laka, a jira. Daga kowane bango haka, har su gamu a sama. Alhaji yana son a gama kafin ɗaurin auren 'yarsa. Kullum da hantsi sai ya zo ya tsaya ya ɗaga kai.

Ya ce, "Malam Barau, jiya ma a nan na bar ku."

Kawu ya ce, "A nan za ka same mu gobe ma, Alhaji."

"To ba za a ƙara mutane ba? Ni zan biya."

"Ƙara mini rana, Alhaji. Ita ce ke busar da shi. In kana da hanya da ita, yi mata magana."

An ɗaura auren a ƙofar gida, a kan tabarmi. Alhaji ya yi fushi har ya daina amsa gaisuwar Kawu na ɗan lokaci. Zauren yana nan, jikokinsa ke ajiye babura a ciki.

Masu ba da aiki iri-iri ne, kuma duk za ku gamu da su a kowace sana'a kuka shiga. Akwai mai sauri irin Alhaji. Akwai wanda sai ka gama taga ya tuna a ɗaya bangon yake son ta. Akwai wanda zai zauna kusa da kai tun safe yana ba ka labarin yadda kakansa ke gini, alhali kakan nasa mahauci ne. Dukkansu ana yi musu "to". Abu ɗaya ne ba a cewa "to" a kansa, shi ne abin da zai faɗo wa mutum a ka yana barci.

Batun kuɗi kuwa, magini da rani yake samu, da damina yake ci. Ruwa na sauka aiki ya tsaya. Shekarar da na fara karɓar ladan kaina na riga na zaɓi rediyon da zan saya. Kawu ya ce in raka shi kasuwa. Lokacin kaka ne, hatsi ya yi araha. Ya tsaya a kaina sai da na sayi dawa da gero da wake, ya sa aka kai ɗakin mahaifiyata. Abin da ya rage bai isa rediyo ba, ya isa batir. Ya ce, "Rediyo zai gaya maka ana yunwa a wata ƙasa. Ba zai gaya maka abin da za ka ci ba." Tun daga nan ban taɓa barin kaka ta wuce ban sayi hatsin shekara ba. Wannan ne kaɗai ilimin kuɗin da nake da shi, kuma ban ga an rubuta shi a wayarku ba.

Bayan na yi aure na fara karɓar aikina, sai ga wani saurayi daga wani ƙauye ta yamma da birni ya zo cin rani. Sale sunansa. Manomi ne, in an gama girbi ya shigo birni neman leburanci, ruwan farko ya koma gona. Ban taɓa samun mai jifan tubali kamarsa ba. Aibinsa ɗaya, tambaya. Me ya sa gindin bango ya fi kansa kauri? Me ya sa indararo yake wannan gefen ba wancan ba? Ina amsa wasu, wasu in yi kamar ban ji ba, kamar yadda aka yi mini. Ya yi rani da yawa tare da ni. Wata rana da muka tashi aiki ya tsuguna ya ce, "Maigida, ina neman izini. Ana gine-ginen bulo a Tudun Jukun, ina so in je in koya."

Na ce, "Siminti? Gini ne da ba ya numfashi. Da zafi tanda, da sanyi randa."

Ya ce, "Haka ne, Maigida. Amma shi mutane ke nema."

Na sallame shi, na ba shi tsohuwar fartanyata.

Mummunar shekara ba ta aiko da saƙo ba. Kawu ya rasu da bazara. Damina ta shigo da ƙarfi, aka yi ta ruwa kwana da kwanaki ba rana. Ginin ƙasa yana son a duba shi duk shekara, a cire ciyawar kan soro, a share indararo, a sabunta yaɓe. Mutane da yawa sun daina, wasu don rashi, wasu don suna tara kuɗin bulo. Katangu suka fara kwantawa unguwa unguwa. Ba wanda ya ce yaɓe ne ba a yi ba. Kowa cewa yake ƙasa ta tashi aiki. Wanda ɗakinsa ya faɗi ya rantse ba zai mai da shi da ƙasa ba, wanda nasa bai faɗi ba ya fara tambayar kuɗin buhun siminti.

Ana cikin ruwan nan wata dattijuwa ta aiko, soron da take kwana da jikokinta yana yoyo ta tsakiya. Ba a hawa soro jiƙaƙƙe, kowane magini ya san haka. Amma ba su da wani ɗakin. Na hau, na buɗe indararon da ya toshe, ruwan da ya kwanta ya zube, na toshe tsagar. Wajen saukowa bakin bango ya gutsure da ƙafata. Na faɗo kan turmi. Turmin bai yi komai ba. Ƙafar ce ta karye a cinya.

Maɗori ya ɗaure ni da karare, na kwanta har aka yi girbi, har rani ya shiga. Hatsin da na saya da kaka shi ya riƙe gidan, da ƙosan da Asabe ta fara soyawa da safe ana sayarwa a ƙofar gida. Ni aikina in zauna in tsince wake. Na iya tsintar wake sosai a shekarar nan, har yau in aka ba ni tire ba a samun tsakuwa. Da na fara dogara sanda na fita neman aiki, sai na tarar babu. Duk inda bango ya faɗi, bulo aka jibge a wurin. Na zaga gidajen da muka yi wa aiki shekara da shekaru. Ana karɓata da mutunci, a kawo ruwa, a yi mini jaje, a raka ni har ƙofa.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, na ji sallama a zaure. Sale ne, ya yi ƙiba, da babur. Ya tsuguna ya gaishe ni kamar da. Muka yi gaisuwa, ya yi mini ta'aziyyar Kawu, sannan ya shiga wasa da makullin babur.

Ya ce, "Maigida, na sami aikin gida guda a Tudun Jukun. Ina neman hannu."

Na ce, "Ban iya bulo ba."

"Za ka iya."

"Wa zai koya mini?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni, in ka yarda."

Na ce zan yi shawara. Da na shiga ciki ashe Asabe ta ji komai ta bayan labule. Ta ce, "Malam, shawarar me? Waken ya kusa ƙarewa." Shawarar ke nan.

Na haura arba'in a lokacin, da furfura a gemu, na koma ɗan koyo a hannun mutumin da ya yi shekaru yana wurgo mini tubali. Ya ba ni cokalin gini, ya nuna mini yadda ake ja igiya, da yadda ake auna yashi da siminti. Hannuna ya saba da laka, ita kuwa laka tana da haƙuri, in ka karkace ka gyara da tafin hannu. Siminti in ya kama ya kama. Layin farko da na jera, Sale ya zo ya ɗora ma'auni, ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Faɗi mana."

Ya ce, "Maigida, da ɗan gyara."

"Nawa ne ɗan?"

"Duka."

Na rushe na sake. Leburori suna ta dariya a ɓoye, suna mamakin mai aikin da ke kiran ɗan koyonsa maigida. A cikin birni ma an yi magana. Wani abokina ya tare ni a hanya ya ce, "Tanimu, magajin Barau guda, kai ne yaron yaronka?" Na ce masa e, kuma ana biya duk yamma. Ku da kuke cewa ba za ku yi aiki a ƙarƙashin wanda kuka girma ba, ku je ku tambayi mai awo ko yana karɓar girma a madadin kuɗi.

Rani biyu na yi kafin Sale ya daina bin layina da ma'auni. Daga nan muka zama abokan aiki, ana kiranmu tare. Sannu a hankali kuma aikin ƙasa ya fara leƙowa. Ba kamar da ba, amma yana zuwa. Wani ya gaji da zafin kwano yana son ɗaki guda na ƙasa a bayan gida. Wani ya gaji zauren kakansa ba ya so ya faɗi a hannunsa. In irin wannan ya zo ni ne gaba, Sale na biye. A nan na biya shi tambayoyin da na yi kamar ban ji ba. Na koya masa zaɓen azara, da ɗaurin guga, da fitar da zanko, ƙahon nan da ake yi a kusurwar soro. Wanda ya iya abu biyu, in ɗaya ya kwanta ɗaya na tsaye. Ni sai da na karye na san haka. Ku kuna iya saninsa da ƙafafunku lafiya.

Yanzu mun iso bana. Bayan ruwa ya ɗauke, Hajiya Laraba ta Ƙofar Jatau ta kira mu. Zauren mijinta marigayi ne ya tsage, 'ya'yanta suna so a rushe a yi shaguna, ita ta ce ba a rayuwarta ba. Ta ce a sauke rufin a mai da shi yadda yake, da ɗaurin guga da zankwayensa. Rabon da in sami aiki irin wannan an daɗe. Muka sauke tsohon rufi, muka ɗaga bango, muka fara dasa azara.

Wata safiya ina zaune a kan bango na miƙa hannu a wurgo mini laka, sai na ga unguwar ta juya. Bishiyar darbejiyar da ke gabas ta koma yamma. Na rungume bangon da hannu biyu na rufe ido. Sale ya hau ya sauko da ni kamar buhu, ya ɗora ni a babur sai asibiti. Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba. Ta ɗaura mini abin awo a hannu, ta duba, ta sake ɗaurawa.

Ta ce, "Baba, wace sana'a kake yi?"

Na gaya mata.

Ta ce, "Baba, jininka ya hau, kai ma kana hawa. Dole ɗayanku ya sauko. Shi zai ɗauki lokaci, don haka kai za ka fara."

Ta rubuta magani, ta hana ni gishiri da yawa, ta ce goro ma a rage. Na ce to. A raina na ce kwana biyu ne in koma, zaure bai haɗu ba.

Da na koma wurin aiki na tarar ba tsani a inda nake ajiye shi. An shimfiɗa tabarma a inuwa, da buta, da matashi. Sale yana can sama ya riga ya hau, ya janye tsanin ya ɗora a kan bango kusa da shi.

Na ce, "Sale, sauko mini da tsani."

Ya ce, "Maigida, ka yi haƙuri."

"Ni nake maka magana."

"Na ji, Maigida. Hajiya ta ce in ka hau ta fasa aikin. Inna Asabe kuma ta aiko tun asuba. Ni tsakanin su biyu ba ni da ƙarfi. Ka zauna ka duba mini, in na kauce ka yi magana."

Na tsaya na ɗan lokaci. Babu wanda ya kula ni, kowa ya ci gaba da aikinsa. Na zauna.

Daga kan tabarmar nan na ga zauren ya haɗu. Sale ya ɗaure azara ɗaya bayan ɗaya, ya jira inda ake jira, bai yi gaggawa ba ko da 'ya'yan Hajiya suka zo suna duban agogo. Ranar da ɓangarorin suka gamu a tsakiya na shiga na ɗaga kai. Makon jiya aka gama yaɓe, aka fitar da zankwaye. Hajiya ta leƙo ta sa albarka, ta aiko da fura.

Abin da na koya bana ke nan, Nura. Akwai ranar hawa, akwai ranar sauka, kuma gara mutum ya sauko da ƙafarsa. Ina shan magani safe da yamma. Miya ba gishiri ba ta da daɗi, kada wani ya ruɗe ku, amma ana shanta.

Da Sale ya sauko ranar ƙarshe, ya wanke hannu ya zo ya tsuguna gabana ya ce, "Maigida, yaya ka gani?"

Na tashi na zaga zauren ciki da waje. Na duba bango, na duba rufi, na duba indararo. Ban sami abin gyarawa ba ko ɗaya.

Na ce masa zankon hagu ya ɗan karkace, don kada ya saba.